Rasuwar Raƙumi, Keken Ɗanmaliki na Falgore

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, Malam Ɗanmaliki mai man gyaɗa na Falgore yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariya, rasuwar kekensa Raƙumi, wanda ajali ya cim masa a daminar bana ta 1994, a kwazazzabon hanyar kasuwar Rogo.

Masu tsokana ne suka raɗa masa wannan suna, shi kuwa maigidan ya karɓa hannu biyu. Tun ranar da Gwadabe mai walda ya yanke marigayin ya ƙara masa tsawo, ya tura ƙafar gaba ta miƙe can gaba, ya sauke sirdi ƙasa, garin nan bai bar su sun sha ruwa ba. Wai an lalata keke. Ɗanmaliki dai amsarsa ɗaya ce, wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Ga shaidar da yake bayarwa. Gajeren keke mai tsayayyar ƙafa ɗan birni ne, ya iya juyi a lungu, amma da ya ci karo da dutse a gangara sai ya aika mai shi ta saman kai. Marigayi ba haka yake ba. Tayarsa takan riga nauyin mutum isa rami, ta haye, sannan mahayi ya biyo baya a natse. Ya sauka kwazazzabo da galan biyu na mai a kariya, ya ratsa yashi da tsakuwa da saiwoyi, bai taɓa zubar da ko cokali ba. Muryarsa kuwa ƙiiƙ-ƙiiƙ ce a hawa, ƙirrr a sauka.

Ba a ɓoye aibinsa. A hawan tudu kansa yakan yi lilo, kuma kafin ya juya kwana sai an ba shi fili kamar amalanke. Maigidan ya yafe masa duniya da lahira.

Cutar ajalin daga gida ta fito. Ilu, ƙanen Ɗanmaliki, ya are shi zuwa suna a Tudun Kaya. Da yake ɗan halak ba ya mayar da kayan aro yadda ya karɓa, sai ya biya wurin wani mai gyara aka dannar masa ƙafar nan da ƙarfe, ta tsaya cak irin ta kekunan mutane. Ya dawo da shi a wanke, yana jiran godiya. Ɗanmaliki ya haɗiye abin, don ba a faɗa da alheri. Ranar kasuwa, a gangarar da suka saba, tayar gaba ta cake a rami, wuyan marigayi ya karye nan take, maigidan ya tashi sama. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da ya fi raunin kafaɗarsa ciwo shi ne jin ana cewa dama ƙarshen keken banza ke nan. Ƙarya ne! Raƙumi bai mutu da siffarsa ba, da siffar da kuke so ya mutu.

Ya bar famfo ɗaya, da ƙararrawa, da galan biyu a lotse, da Saude uwargida, wadda man da ta tatsa ya bi ƙasa, da kuma Ilu, wanda aka yafe wa amma ba zai sake ganin aro ba.

Za a karɓi gaisuwa a zaure. Maƙeran da ke zawarcin gawar su haƙura, ba za a yi fartanya da ita ba. Ranar sadakar uku za a ɗauke ta a ka zuwa rumfar Gwadabe a Rogo Sabon Gari, a kwantar da ita kusa da sabon keke fil da maigidan ya sayo, ko ledarsa ba a ɓare ba. A nan za a auna marigayi, a sa wa sabon keken zarto, a mai da shi siffarsa. Ana gayyatar masu dariya su zo da wuri, don su sami wurin zama a gaba.