Riguna Arba'in a Filin Kokawa

"…da gajiyar jiya kuma, patoro, uban gida? An ce jiya ka tufatar da ƙasa."

Tsohuwa Tani ce ke gaisuwar, tana zaune a kan kifaffen turmi tana ɓarar wake. Hantsi ya ɗaga, karan hatsi na ƙamshin rana a bayan danga, iskar tafki kuma tana shigowa a hankali kamar baƙuwa mai kunya. Jikanta Arziki ya jingine moto a gindin rumbu. Wata huɗu ke nan da ya buɗe biro, ɗan ofishinsa, a Madarounfa yana tallar filayen gini a bakin hanyar Maradi, bai sayar da ko ɗaya ba. Shi ya sa ya ɗauki nauyin kokawar bayan girbi ta ƙauyensu, ya sa rago, ya buga riguna arba'in da sunansa da lambar wayarsa. Jiya aka fara, yau za a gama. Ya riga ya faɗa cewa in wannan ma bai kawo masu saye ba, zai rufe biro ya koma dako a Katsina.

"Gajiya ta bi lafiya, tsohuwar matata. Ni da na zo da shirin rabon gado."

"Gadon wa? Ni zan binne ka in auri ƙanenka. Zauna, mijin da bai taɓa kawo cefane ba. Kai da aka yanke wa cibiya a garin nan, yaushe ka ga ɗan kokawa ya shiga fili da riga?"

"Ai sun sa."

"Sun sa daga gida zuwa bakin fili. Ana taɓa ganga suka tuɓe, suka tara su kamar kayan wanki. Gwanin nasu Jatau ya share gumi da sunanka, ya fyace hanci da lambarka. Da safen nan na ga ɗaya a bayan jakin Hassan, an yi akumari da ita."

"Jakin yana zagaya gari. Talla ce."

"Ƙwarai. Jakunan garin Gabi za su kira ka, kowa na son fili kusa da rijiya."

Arziki ya tsuguna ya ɗebi wake ya watsa a baki. Ta buge masa hannu da mara.

"Ba rigunan suka kawo ni ba," ya ce. "Shu'aibu sanƙira ne. Na rubuta masa abin da zai faɗa: filayen Arziki, kusa da kwalta, kusa da famfo, takarda ta gaskiya. Ya karɓa ya cusa a hula. Da ya buɗe baki sai na ji, ga jikan Kanta, Kantan da aka yi yunwa uku bai sayar da taki ɗaya na ƙasa ba, gidan da ba a sayar da ƙasa."

"Ƙarya ya yi wa mijina na gaske?"

"Ni ƙasar nake sayarwa, Tani."

"To mi mutane suka ce?"

"Tafi suka yi ta yi. Wani dattijo daga Safo ya riƙe mini hannu har da hawaye, ya ce in riƙe halin kakana, kada in bari ƴan filayen nan su ruɗe ni. Ragona yana ɗaure a gefe yana kallona."

Tani ta yi dariya har ƙwaryar ta karkace, wake ya zube, kaji suka taso.

"Kai ka zaci sanƙira rediyo ne, ka zuba masa magana ya maido. Ba ya karanta takarda, asali yake karantawa. Ka ba shi kyauta, ya tono maka kakanni. Da ka san haka ne da ka nemi kakan da ya sayar da gona ya sha giya, akwai su da yawa a wajen uwarka."

"Lokacin yunwar nan ko uban Shu'aibu bai yi kaciya ba. Wa ya ba shi labari?"

"Shekaranjiya dai ya zo ya sha fura."

"Ashe ke ce."

"Furata ce. Ni ban ce komai ba."

"Mayya. Haƙori biyu a baki, amma kin cinye mini rago ɗungum."

"Da biyun na tauna wa ubanka nama, ya tauna maka. Faɗi abin da ya kawo ka, rana na yi."

Ya matso, ya sassauta murya kamar mai zance a bakin zaure.

"Yau kafin karon ƙarshe ke za ki ba da waƙa, mata su amsa. Abin da kika sa a bakin matan garin nan, kafin kasuwa ta ci ya kai garin Ɗan Issa. Ki sa sunan biron a ciki. Layi biyu kawai, amarya."

"Yau na zama amarya."

"Tun ina goye nake sonki."

"Tun kana goye kake yi mini fitsari a baya, har yau ba ka daina ba." Ta ajiye ƙwaryar. "Ran Laraba na je gaida tsamiyar bakin fili, inda Kanta ke yanka jan zakara kafin shuka. Na yi tuntuɓe da wani turken siminti mai jan kai. Na duba, huɗu ne. Ɗaya yana nan daidai inda makaɗa ke zama. Jiya ka sa aka rufe shi da tabarma."

Arziki ya dubi kaji.

"Baffannina suka ba ni gonar in yanka. Filin kokawar yana cikinta."

"Na sani. Ni na haifi sakarkarun."

"Shi ne mai daraja duka. Ga hanya, ga inuwa. Wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya taɓa tsayawa ya duba shi."

"Wato bana ka ciyar da kokawa rago, baɗi ka yanka ta. Kiwo kake yi ashe. Baɗin a ina za a kara? A tsakar gidan ɗan duwan, Jatau ya kada mutum cikin tukunyar matarsa?"

"Sai a nemi wani wuri."

"A nemo wata tsamiyar ma, a ce wa Kanta ya yi ƙaura."

 Can bayan gari wani makaɗi yana gwada fatar ganga, bugu ɗaya, ya saurara, ya sake.

"In na bar wanga fili, mi ya rage mini?"

"Sha tara. Na ƙirga turakunka kaf, ba ni da aikin yi. Kai ba ka san abin da ke hana mutane zuwa bironka ba? Ba rashin riga ba ne. Tsoro suke ji a sayar musu da fili ɗaya su uku, su haɗu ran zuba tubali. Ka je yau, gaban kowa, kafin a ba da rago, ka tuge turakun nan da hannunka. Ni kuma in ɗaga murya in ce jikan Kanta ya bar wa gari inuwarsa, wanda ya bar abin da ke hannunsa ba ya cin na wani, mai son maƙwabtaka da ganga ya nemi Arziki. Shu'aibu ya ɗora da yunwarsa uku. Ka ga kakan naka ya koma yi maka talla, bai ko nemi riga ba."

"Sai kin fara waƙar in tuge."

"Sai ka tuge in fara. Na auri kakanka, na san jininku."

"In bayana ya riƙe fa? Siminti ne."

"Sai in shigo in kada kai da turken, a ba ni ragon."

Dariya ta ƙwace masa har ya zauna daɓas cikin ɓawon wake. Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya buɗe jakar moto, ya ciro goro fari guda uku da riga ɗaya da ta rage a leda.

"Kin ci, tsohuwar banza. Ga ladan kaye."

Tani ta karɓi goron ta ɗaure a bakin zane. Rigar kuwa ta ɗaga ta ga rana, ta jujjuya, ta zura a kan zanenta. Ta sauko mata har gwiwa.

"Wanga rubutu na baya, lambar wa?"

"Tawa."

"To ka cika waya da caji. Yau duk tsofaffin Gabi da Safo za su kira ka neman aurena. Kowa ka ce masa sai ya sayi fili tukuna, ba na zama gidan haya."

Ta sunkuci ƙwaryarta ta nufi madafa, lambar tana rawa a bayanta. Shi kuwa ya leƙa ƙarƙashin rumbu yana neman dagin tuge turaku.