Sunan Babana Yana Bayan Katako

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Gidan Adana Zane-zane na Jami'a,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan na'urar sanyaya ɗakunanku tana cikin ƙoshin lafiya, na karanta allon ƙofarku, inda kuka ce manufarku ita ce kusanto da fasaha ga al'umma. Ni ce al'ummar. Zuwana biyar ke nan, kuma har yau akwai igiya tsakanina da zane na uku a hannun dama.

Na ɗaya. A ƙarƙashin zanen kun manna takarda: "Ba a san mai zanen ba." An san shi, ranka ya daɗe. Babana ne, mai rubuta allunan shaguna, Allah ya jiƙansa. Da kansa ya ɗauro muku shi a bayan keke, aron wata uku, yau shekara goma sha ɗaya.

Na biyu. A gabana wani farfesa ya bayyana wa ɗalibai cewa ɗaure fuskar da yarinyar cikin zanen ta yi alama ce ta ƙuncin talaka. Duk suka rubuta. Wace ni da yi wa ilimi katsalandan? Sai dai haƙori ke mini ciwo ranar da aka yi zanen.

Na uku. Sakatarenku ya ce in kawo hujja. Na ce sunan yana bayan katakon zanen, a juya a gani. Ya ce ba a taɓa zane sai da izinin kwamiti, kwamiti kuma ba ya zama sai an kawo hujja. Na jinjina wa wanda ya tsara wannan. Shi ma farfesa ne?

Ga dalilin da nake damun ku. Idon mahaifiyata yana ta ja baya. Shekara arba'in mijinta ya yi yana rubuta sunayen mutane da manyan baƙaƙe, nasa bai taɓa hawa bango ba. So take ta tsaya a gaban nasa sau ɗaya kafin idon ya rufe. Wannan ya fi haƙorin yi mini ciwo.

Ranar Litinin zan kawo ta. Ba za mu taɓa komai ba. Idan kwamiti bai zauna ba, zan karanta mata takardar da kuka manna da ƙarfi, in sa sunansa a ciki, tunda ta daina ganin ƙananan baƙaƙe. Alfarma ɗaya nake roƙo: a gaya wa mai gadi kada ya gyara mini karatu.

Taka mai biyayya daga bayan igiya,
Yarinyar cikin zane na uku