Yadda Za Ka Yaƙi Annoba da Ganga Daga Barandarka

Idan dokar kulle ta zaunar da kai a gida, ka gasa burodi har ya ishe ka, ka soma zargin cewa duniya za ta iya tafiya ba tare da kai ba, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbacin kafin mako shida za ka riƙa jin kamar kai kaɗai ka tare cutar a bakin gari, alhali ko takalmi ba ka sa ba. An gwada hanyar a kan Randall Thiessen, mai sayar da inshorar motoci, wanda ke hawa na biyar a benenmu a nan Vancouver, kuma ta yi aiki har ta wuce yadda aka zata.

Mataki na ɗaya: Nemo wanda za ka ce dominsa kake yi

Kiɗa don jin daɗin kanka sunansa hayaniya, maƙwabta za su kai ƙararka. Amma kiɗa don girmama ma'aikatan asibiti, wa ya isa ya ce uffan? Kowace yamma ƙarfe bakwai mutanen unguwa kan fito baranda, a yi tafi, a buga tukwane minti biyu, kowa ya koma ciki. Mutanen kirki ke nan, marasa buri. Kai ka wuce nan.

Randall ya taki sa'a, jarumarsa a ƙarƙashin ƙafarsa take. Marivic Dalisay, nas ce a ɗakin waɗanda inji ke yi wa numfashi, kuma ɗakin kwananta yana daidai ƙasan falonsa. Shekara uku suna haɗuwa a lif, injin hawa bene, bai taɓa tambayar sunanta ba. Yanzu ya sauka ya kwafo shi daga jikin akwatin wasiƙa, ya rubuta da jan fenti a zanin gado, ya rataya a baranda. Zanin ya rufe mata rabin taga.

Mataki na biyu: Raina tukunya

Tukunya da ludayi kayan masu ƙaramar zuciya ne. Da su Randall ya fara, sai ya lura wata tsohuwa a benen da ke kallonmu ta fi shi ƙara da murfin kasko. Abin ya ci masa rai. Ya yi odar ganguna jeri guda, har da babbar nan da ake takawa da ƙafa, da lasifika mai tsayin ƙugu. Matarsa Lorna ta tambaye shi yaushe ya koyi kiɗa, ya ce mata zuciya ce ke kiɗa, hannu ɗan aike ne kawai. Ta kwashi kwamfutarta ta koma yin aikin ofis a banɗaki.

Abin lura: ka girke babbar gangar a kan katako tsurarsa. Kada ka shimfiɗa darduma. Darduma tana shanye godiya kafin ta isa ƙasa.

Mataki na uku: Kada ka tambayi lokacin barcinta

Wannan shi ne inda sababbin shiga ke yin kuskure. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuwa tana kashe gwiwa.

Marivic tana shiga aiki ƙarfe sha ɗaya na dare. Ya kamata ta tashi daga aiki bakwai na safe, amma tunda rabin abokan aikinta suna kwance ba lafiya, ba ta isowa gida sai rana ta take. Ta cire kaya a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta kwanta daga ƙarfe ɗaya zuwa tara. Abin da ke gare ta ke nan a duniya, awa takwas ɗin nan. Da su take iya tsayawa a kan marasa lafiya ba tare da hannunta ya yi rawa ba.

Randall kuwa ya tsara gwaji daga ƙarfe biyu zuwa biyar, domin rashin mutunci ne a karrama jaruma da kiɗan da ba a gwada ba. Ƙarfe bakwai sai babban taro. Maƙwabta su yi minti biyunsu su shige, shi ya ci gaba har takwas, yana haɗa gumi, yana kiran sunanta a lasifika tsakanin waƙa da waƙa.

Mataki na huɗu: Karanta takarda da kyakkyawan zato

Za a turo maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Kada ka firgita. Ta Marivic layi biyu ce. Na farko ya ce ta gode ƙwarai da wannan karamci. Na biyu ya ce don Allah, daga ɗaya zuwa tara take barci.

Randall ya ninke takardar daidai ƙasan layin farko, ya ɗauki hotonta, ya sa a shafinsa na sada zumunta. Mutum ɗari huɗu suka yaba masa, wata ma ta ce ya sa ta kuka. Lorna ta leƙo daga banɗaki ta ce ya buɗe ninkin ya karanta sauran.

"Na karanta," in ji shi. "Kawaici ne, Lorna. Irin su ba sa son a yabe su. Shi ya sa dole sai an matsa musu."

"Kai dai Randall, in aka ce maka gidanka na cin wuta, cewa za ka yi ana yaba hasken."

Bai ji haushi ba, mai babban aiki ba ya tsayawa kan ƙananan maganganu. Ya ajiye wa Marivic burodi guda da abin toshe kunne a bakin ƙofa, ya ɗaure su da jan zare. Takarda ta biyu ta zo, ta uku ma ta zo, wannan karon babu godiya a ciki. Tunda babu abin ɗauka hoto, bai ajiye su ba.

Mataki na biyar: Idan ta gudu, bi ta

Mako na uku Randall ya lura labulen hawa na huɗu ba ya motsi ko da ya kira sunan sau goma. Hankalinsa ya tashi, ba don ita ba, don taron. Wata Talata, bakwai saura kwata, ya sauka garejin ƙasa ɗauko waya daga motarsa, sai ga ta a cikin tata motar. Ta kwantar da kujera, ta lulluɓa da rigar sanyi, ta ɗora tawul a fuska, tana barci a can inda siminti hawa biyar ya raba ta da gangarsa.

Wani zai lallaɓa ya wuce. Kai ba wani ba ne. Randall ya ƙwanƙwasa gilashi da makulli.

"Maƙwabciya, jarumarmu, taso mana. Saura kaɗan a fara, duk titin ke ake jira."

Ta janye tawul, ta sauke gilashin kaɗan. Shatin takunkumi yana nan a karan hancinta, ya yi ja. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mista Thiessen, kwana tara ke nan ban yi barcin awa uku a jere ba. Allura nake auna wa mutane. Jiya sai da na karanta kwalba ɗaya sau huɗu kafin na yarda da idona. Ka bar ni in yi barci. Iyakar abin da nake roƙo ke nan."

Ya ja da baya taku biyu kamar yadda doka ta ce, ya dafa ƙirji, idonsa ya ciko. Ya ce ai wannan gajiyar tata ita ce dalilin da ya sa suke yi, kuma yau zai ƙara mata waƙa biyu. Da zai hau, ya tokare ƙofofin matakala da bulo tun daga ƙasa har hawa na biyar, don kada sautin ya ɓata a hanya.

Mataki na shida: Girbe sakamako

Ranar Alhamis da tsakar rana, bayan awa goma sha uku a tsaye, barci ya sace Marivic tana tuƙi, titi biyu kafin gida. Motar ta hau gefen hanya ta rungumi sandar fitila. Allah ya sa ba ta taka kowa ba. Hannunta na dama ya karye wuri biyu, aka yi mata ɗori, aka ce ta zauna a gida mako takwas. A ɗakin da nas huɗu ke yin aikin mutum bakwai, saura uku.

Randall ya yi hawaye na gaske da ya ji. Ya rubuta dogon bayani a shafinsa yana tsine wa masu gajiyar da ma'aikatan jinya, mutum dubu suka yaba. Sannan ya hango alherin da ke ciki: yanzu tana gida safe da yamma. Ya ƙara gwajin safe don yi mata sannu. Daga ranar ba ta sake rasa ko bugu ɗaya ba.

Shi kuwa tumbinsa ya zube, fuskarsa ta yi fes. Ya faɗa wa Lorna ta ƙofar banɗaki cewa tun yana saurayi bai ji ƙarfin jiki irin wannan ba, kuma barci yake awa tara cur.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin karaya, ko motar da ta lotse, ko matar da ta ƙaura banɗaki, ko wani mara lafiya da ya danna ƙararrawa bai ga kowa ba. Masu tambaya me ya sa a bene mai gida arba'in ba a sami mutum ɗaya ya je ya buga ƙofar Randall ba, su sani doka ta hana shiga gidan wani. Ni kaina a hawa na shida nake, babu abin da ban ji ba. Amma ƙarfe bakwai tukunya ke hannuna na hagu, ludayi a na dama, da me zan ƙwanƙwasa?