Atishawata a Ƙwaryar Surukai

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Dije a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ban daɗe da kama aikin dubagari a Gumel ba. Ga kaki, ga takardar shaida sabuwa fil, ga girman kai kamar ni na ƙirƙiro sabulu. Ana nan sai na ji a rediyo wai wata sabuwar mura ta ɓulla a wata ƙasa can gabas mai nisa, daga kaji take kama mutane, ta sauka a huhu. Labarin bai fi minti biyu ba, rabinsa ma shuuu ɗin rediyo ya cinye. Amma washegari na tashi a matsayin babban masanin cutar a duk ƙasar Gumel. Na daina musabaha. Na samo ƙyallen rufe hanci irin na masu tiyata ina yawo da shi. Duk wanda ya yi tari a tasha sai in bi shi da kallon tuhuma. Kajin mahaifiyata kuwa na sa su a gaba da kora, har ta ce in ban fita harkarsu ba ni za ta fara kora.

Dije malamar firamare ce a Gumel, 'yar Fulanin nan da suka zauna suna noma suna kiwo. Ina son ta so na gaske, ba na wasa ba. Mahaifinta, Baffa Buba, ya aiko cewa ba zai ce e ko a'a ba sai ya ga yaron da idonsa. Ga kuma wani ɗan uwanta mai garke guda yana gefe yana jiran in yi tuntuɓe. Ke nan ranar ce za ta raba gardama.

(A nan ya kamata in faɗi gaskiya: kwana biyu kafin tafiyar maƙogwarona na ƙaiƙayi, hancina na ɗan yoyo. Na ce ruwan randa ne na sha da sanyi. A lissafina cuta ta waɗanda ba su je makaranta ba ce.)

Na goya Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, a babur muka kama hanya. Da muka hango ƙauyen na tsaya na fito da ƙyallena zan ɗaura.

Kawu ya ce, "Cire tsumman nan, ko in sauka in koma gida a ƙafa. Neman aure muka zo, ba fashi ba."

Na cire. Amma akwai abin da bai sani ba, na naɗe cokalina a takarda na sa a aljihu.

Aka shimfiɗa mana tabarma a rumfar ƙofar gida. Baffa Buba dogo ne, marar yawan magana, tare da shi akwai dattawa uku. Na durƙusa na yi gaisuwa, har nan dai komai lafiya. Sai aka kawo fura da nono a wata babbar ƙwarya, ludayi ɗaya tal a ciki. Wannan ya sha ya miƙa, wancan ya sha ya miƙa, ni kuwa ina ƙirga bakunan da ludayin ya ziyarta. Ya zo hannun Baffa, ya kurɓa, ya miƙo mini da kansa.

"Sha, yaro. Ba ka zama suruki ba tukuna, yau baƙo ne kai."

To ku duba fa. Da na sunkuyar da kai na ce alhamdulillahi na ƙoshi, da an ce kunya ce, a yaba tarbiyyata, a wuce wurin. Ƙofa a buɗe take. Amma ina. Sai na gyara zama na ce, "Baffa, a gafarce ni, shan ludayi ɗaya hatsari ne babba." Na shiga bayani. Na kawo ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, na kawo yawu, na kawo kajin ƙasashen gabas, har da turancin da ni kaina ban gama fahimta ba. Kawu yana ta mintsinina a cinya, ni kuwa na ɗauka yana nufin in ƙara. Hannun Baffa na nan a miƙe da ludayi duk tsawon wa'azin.

Daga nan na zaro cokalina, na warware takardar a gabansu, na sunkuya kan ƙwaryar zan ɗiba.

Sai atishawa.

Ba irin 'yar ƙaramar nan da ake dannewa ba. Ta taso tun daga ƙirji, ban samu ko juyar da kai ba. Sau uku a jere, duka cikin furar dattawa, har nonon ya fantsalo mini a gemu. Tari ya biyo baya, hanci ya ɓalle. Ko mai ce mini yarhamukallahu babu.

Baffa ya ajiye ludayin a hankali. Ya leƙa idona, ya dubi hancina, irin duban da ake wa dabba a kasuwar Maigatari kafin a taya.

"Malam dubagari, kwana nawa da fara wannan?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "Mu ba mu san kajin gabas ba. Amma mun san ciwon huhu a shanu. In muka sayo baƙuwar dabba ba ma haɗa ta da garke, sai mun ɗaure ta gefe, da kwatarniyar ruwanta daban, mun ga yadda take numfashi. Mai tari kuma ba ya zuwa rumfar nan, shi ya sa ƙanina yau bai fito ba. Duk wanda ka gani a kan ludayin nan lafiyarsa ƙalau." Ya dube ni. "Ban da mutum ɗaya."

Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kai tabarma gindin wata aduwa can nesa, ta inda iska ba za ta kwaso ni ta kawo musu ba. A jikin aduwar akwai wani bijimi a ɗaure, shi ma baƙo ne, bai cika kwanakinsa ba. Aka biyo ni da ƙwaryar, aka ce tawa ce duka, tunda na riga na sa mata hannu.

Haka na zauna ni da bijimi, yana tuƙa ina jan majina, ana can ana maganar aurena ba ni a wurin. Ina hango bakin Kawu yana motsi, yana ta tafa hannu alamar ban haƙuri. Can na ji 'yar dariya ta bayan zana, na san muryar Dije sarai. Nan fa na ce shi ke nan, mai garke ya ci banza. Hawaye suka zo mini, na gode Allah da mura ta rufa mini asiri.

Sai bayan la'asar Kawu ya taho, ya tsaya nesa da ni kamar taku goma.

"Ya ce ya ba ka. Wai mai faɗin abin da ke cikinsa ko da wauta ce ya fi mai ɓoyewa. Amma ka dawo bayan mako biyu. In tarin ya tsaya, a sa rana."

"Mako biyu, Kawu?"

"Haka ya ɗibar wa bijimin ma. Sai dai shi ya riga ka da kwana huɗu."

Murar rediyo dai har na bar aiki ban gan ta a Gumel ba. Tawa kuwa ta kwantar da Kawu mako guda, don duk atishawar da na yi a hanyar komawa shi iska ta kai wa. Abin da na koya shi ne, kafin ka tara dattawa kana koya musu gudun cuta, fara tabbatarwa ba kai ne ka goyo ta a babur ba. Ni da Dije yanzu har da jikoki, kuma har gobe in na yi atishawa ba ta ce mini sannu, tabarma take ɗauka ta nuna mini gindin bishiya.