Ranar da Muka Ja Jirgin Ceto Zuwa Maƙabarta

Jiya injin jirgina ya mutu a tsakiyar ruwa, ina ɗauke da gawa. Na san wasunku za su ce mene ne abin labari a nan, injin Hilario ai kullum cikin mutuwa yake. Gaskiyarku. Amma ba kullum yake mutuwa ina da katin inshorar ceto a aljihu ba, kuma ba kullum jiragen unguwa kaf suke biye da ni, kowa da igiya a ƙarƙashin kujerarsa, a rasa mai jefo mini ba.

Gawar ta Don Eleuterio ce, maƙwabcina na rafin baya, wanda ya cika shekaranjiya da hantsi yana gyaran komar kamun kifi. Jirgina ya fi na kowa faɗi, don haka ni aka ɗora wa kai shi maƙabartar bakin gari. Muka kwantar da akwatin a tsakiya, muka rufa masa baƙin ƙyalle, matarsa Doña Ercilia ta zauna a gefe da carbinta. Ta ce mini abu ɗaya kafin mu tashi: "Hilario, ka kai shi kafin masu haƙa kabari su kulle ƙofa. Ba na so ya kwana a waje cikin wannan zafin." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni mai inshora ne.

Ga wanda bai biya tasa ba tukuna, bari in tuna masa alherin da aka yi mana. Bara waccan Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyallen Buɗe Ayyuka ya zo bakin kwata da farin takalmi, ya kafa mana Kwamitin Ceton Ƙananan Jirage. Kowane mai jirgi zai riƙa biya duk wata, shi kuma in injinsa ya tsaya, ya buga waya kawai, babban jirgi mai jiniya ya zo ya ja shi. Domin kada aikin ya lalace a hannun jahilai, aka ƙara da cewa jirgin Kwamiti ne kaɗai ke da iznin jan wani, duk maƙwabcin da aka kama ya jefa igiya, a ƙwace jirginsa. Allah ya ƙara wa Mai Girma basira. Da can in ka lalace, duk wanda ya fara wucewa shi zai ja ka, ku sha shayinmu na mate mai ɗaci a hanya, ku zagi gwamnati, ku rabu. Ina ci gaba a cikin wannan? A ranar har cewa ya yi kowa ya rataye filafilinsa, zamanin tuƙi da hannu ya wuce. Matata Nélida mace ce mai biyayya ga hukuma. Filafilina yanzu yana bayan gida, tumatir ya hau shi.

To, muna tafe, ni a gaba, jama'a a baya can nesa kamar yadda aka saba. Kun dai san al'adarmu: jirgin gawa ba a wuce shi, ba a matso masa, in kuma ya tsaya, kowa zai kashe inji ya cire hula har sai ya tashi. Daidai bakin tsohuwar gonar itacen marigayi, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sara, injina ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Kafin in ce me, na ji injunan baya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya. Kowa ya cire hula. Rufino mai kwale-kwalen kamun kifi har da goge ido yake, yana gyaɗa mini kai, wato Hilario ka kyauta, ka tuna da gonar dattijo.

Na murɗa makulli, ya ce ƙyas. Na sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ma ya hana ni. Na durƙusa na zura kai cikin akwatin inji ina taɓe-taɓen wayoyi. Da na ɗago sai na ga rabin jama'a sun durƙusa su ma. Na cire hulata na kaɗa musu da ƙarfi. Suka kaɗa mini tasu a hankali, cikin ladabi. In yi ihu kuma? A gaban gawa, da matarsa tana addu'a ido a rufe? Ni ma ɗan tsibiri ne, bakina ya ƙi buɗuwa.

Ruwa kuwa ba ruwansa da ta'aziyya. Yana ta jan mu a hankali, mu da kainuwa, ba wajen gari ba, wajen bakin babban kogin Paraná inda ruwa ke buɗewa.

Na ce to, yau ranar inshora ce. Waya ba ta kamawa a wurin sai mutum ya hau goshin jirgi ya miƙa hannu sama. Na hau, na miƙa. Jama'a suka miƙe tsaye, wasu suka ɗaga hannu sama su ma. Bayan kiɗa mai daɗi da aka sa mini, wata baiwar Allah ta ɗauka.

Ta ce, "Kwamitin Ceto, muna tare da kai a ko'ina. Kana wane titi?"

Na ce cikin raɗa, "Ranki ya daɗe, a ruwa nake."

"Lambar gida fa?"

"Akwai wata saniya a gaɓa tana kallona, in za ta yi."

"Mutum nawa ne a jirgin?"

"Biyu masu rai, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya."

Na ji tana tambayar wani. Ta dawo ta ce in marigayin fasinja ne, to sai shi ma ya faɗi sunansa da bakinsa. In kuma kaya ne, jirgina ya zama na haya, inshorar masu jirgin kansu ba ta shafe ni ba. Na ce ta rubuta shi maƙwabci. Ta ce babu gurbin maƙwabci. Daga ƙarshe dai ta tausaya, ta ce na yi sa'a, jirgin ceto yana kusa, ya kai surukan wani babba cin gasasshen nama a wani tsibiri, zai biyo ta kaina.

Na sauko na tarar Doña Ercilia ta buɗe ido.

Ta ce, "Injinka ya mutu ko?"

Na ce, "Hutawa yake, Doña."

"Shi ma wannan da ke kwance haka likita ya fara ce mini."

Ta dubi rana, ta riga ta karkata. Ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, wanda ya ɗauki zafi kamar murfin tukunya. Ni kuwa alkawari na ɗauka, kuma matar nan ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Can sai ga jiniya. Jama'a, a yaba wa gwamnati in ta yi abin yabo: jirgin nan kyakkyawa ne. Launinsa ruwan lemo, ga tutoci, ga fitila tana juyawa, ga hoton Mai Girma a gefe yana murmushi sanye da rigar iyo. Ya taho yana tsaga ruwa. Matuƙinsa Osmar ne, wanda aka haifa a rafi na uku daga namu kafin ya samu aikin hukuma. Ya matso, ya hango baƙin ƙyalle, ya hango jama'a tsaye ba hula. Kakin gwamnati bai canja masa jini ba. Ya kashe inji, ya cire hula.

Muka yi tsaye muna kallon juna, ruwa na tafiya da mu duka.

Na ce, "Osmar, ni na kira ku. Jefo igiya."

Ya ce, "Au! Don Hilario, kai ne? Allah ya ji ƙan dattijo." Ya mai da hula, ya murɗa makulli. Injinsa ya ce ƙyas.

Ban taɓa jin tausayin ma'aikacin gwamnati kamar na lokacin ba. Ya dafe kai ya ce tun safe aka gargaɗe shi kada ya kuskura ya kashe injin, domin batirin kirki yana cikin motar Ranka-ya-daɗe Mataimaki na Musamman, wannan na ciki da aron wuta aka tashe shi. Ana wata ga wata. Abin da ya rage yana aiki a jirgin shi ne fitilar nan mai juyawa.

Sai Doña Ercilia ta miƙe. Tsohuwar da ba a jin muryarta ko a coci ta ƙwala kira har saniyar gaɓa ta razana.

"Rufino! Kai Rufino! Mai da hularka ka zo nan, injin wannan sakaran ne ya mutu!"

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Injunan jama'a suka tashi gaba ɗaya, Rufino ya iso yana zare ido. Da ya gane abin da ake so, sai ya dubi jirgin Kwamiti, ya dubi nasa kwale-kwalen, wanda da shi yake ciyar da gida.

Ya ce, "Doña, ga hukuma nan tsaye. In na jefa igiya, gobe da me zan fita kamun kifi?"

Ta ce, "Ba kai za ka jefa ba." Ta sunkuya ta ɗauki igiyata, ta wurga masa da hannunta. "In sun tambaya, ka ce Eleuterio ne ya jefo. Su aika masa sammaci."

Duk muka juya muna kallon Osmar. Ya yi gyaran murya irin ta manya, ya ce a matsayinsa na wakilin Kwamiti bai ga komai ba, rana ta kashe masa ido. Sannan ya rage murya ya ce, "Don Rufino, in akwai sauran igiya, a taimaka. Ruwan nan teku zai kai ni."

Haka muka shiga gari. Rufino a gaba injinsa na kuka, ni da gawa a tsakiya, jirgin ceto ɗaure a bayanmu da tutocinsa, jama'a na biye. Duk da haka mun makara. Tun daga nesa na hango ƙofar maƙabarta a rufe, masu haƙa sun wanke hannu sun hau kekunansu, Fadan coci ma ya naɗe rigarsa a hammata. Doña Ercilia ta gani. Ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Sai mai gadi ya ɗaga ido ya ga fitila na juyawa, ga tutoci, ga hoton Mai Girma yana rako akwati. Ban taɓa sanin mai tumbi yana gudu haka ba. Ya ɓalle kwaɗo, ya wangale ƙofa, ya daka wa masu haƙa tsawa su sauko, wani babba ne ya rasu. Suka zo suka karɓi akwatin da hannu bibbiyu, ɗaya har yana tambayata ko marigayin tsohon kwamishina ne. Na ce ya fi haka.

Aka binne Don Eleuterio da sauran haske, a gefen mahaifiyarsa, inda ya ce a sa shi. Da aka gama, Doña Ercilia ta tsaya tana kallon jirgin Kwamiti a bakin ruwa. Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Duk rayuwarsa yana jiran gwamnati ta bi bayansa ko sau ɗaya. Yau ta bi, Allah Sarki. Amma fa sai da muka ɗaure ta."

Saboda haka masu cewa inshorar nan ba ta aiki, ku ji tsoron Allah, ni shaida ne. Ku ci gaba da biya. In kuma za ku kira su, ku tanadi doguwar igiya da inji mai ƙarfi, domin jirgin nasu akwai nauyi.