Injin Ban Ruwana Ya Wuce Shagari

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya na mallaki injin ban ruwa, sabo dal, na tsawon minti goma sha ɗaya.

Da sassafe maƙwabcina Mode ya buga mini ƙofa, ya ce manya za su zo Bodinga rabon tallafin noman alkama: iri, taki, inji, har da dashen itatuwa don kare fadama daga zaizaya. Na bar rijiyar da nake yashewa a Danchadi, na ɗare bayan babur ɗinsa ina cewa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Mun sha rana har azahar kafin babban baƙo, mai girma Uban Manoman Duniya, ya iso da motoci tara. Allah ya ja zamaninsa, ya yi jawabi kan alkama har sai da na ji ƙamshin gurasa. Can mai ɗaukar hoto ya ratsa taro, ya dubi kaushin ƙafata da yagaggen aljihuna, ya ce, "Baba, irinka munka zo nema. Taho."

Aka ɗora mini inji a hannu. Mai girma ya dafa kafaɗata. Aka ce in yi murmushi, na yi har da ƙari. A zuciyata na riga na shayar da gona, na girbe, matata Safinatu na tuyar alkaki.

Mai girma na shiga mota, wani mai baƙin tabarau ya kama injin.

"Ina za ka da shi?" na ce.

"Shagari, Baba. Can ma manoma na jiran hoto."

"To nau fa?"

"Naka na bisa hanya. Wanga na ƙaddamarwa na."

Kun ga adalci. Inji ɗaya, garuruwa biyu, ba a bar kowa a baya ba.

Iri kuwa, malamin gona ya ce sai watan Maris. Na ce masa alkama sanyi take so, wadda ta wuce Nuwamba tsuntsaye aka shuka wa. Ya ce shi takarda aka ba shi, kuma takarda ba ta jin sanyi.

Dashen darbejiya uku-uku muka samu. Muna sallar la'asar akuya ta cinye biyu daga na Mode. Ya ce alhamdu lillahi, tallafi ya kai ga mabuƙaci.

Kafin in isa gida hotona ya riga ni, yana yawo a wayoyi. Mutum huɗu na zaure sun zo aron inji. Surukina Garba, wanda ke ara mini nasa duk Talata, ya aiko cewa tunda Allah ya buɗa mini, ya ba wani ranar tawa. Da na rantse ba ni da komai, ya ce ashe haka arziki ke sauya mutum.

Roƙona ɗaya ga manya: baɗi a ɗauke ni bisa tarakta. In dai hassadar banza za a yi mini, gara ta babban abu.