Kwamfuta Mai Ruwa a Bikin Buba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Buba ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Buba ɗan Gwaggo Dije ne ta Zakka, ƙanwar mahaifina, kuma shi ne ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Ni kuwa ɗan shagon haɗa bidiyon biki nake da shi a Batsari, kuma ban daɗe da sayo kwamfuta mai ruwa daga Kano ba, irin wadda ruwa ke zagayawa cikin tiyo yana sanyaya mata kai, kamar lagireton mota. (Duk wanda ya shigo shagona a watan nan sai ya ji wannan bayanin, ko da cajin waya ya kawo.)

Wanda ya sayar mini ya ja mini kunne. Ya ce akwai 'yar iska a cikin ruwan, in an kwantar da kwamfutar ko hanya ta jijjiga ta, iskar takan shiga famfo, ruwa ya daina zagayawa. "In ka sauke ta, ka tsayar da ita ta huta. Ka shafa tiyon ka ji ko ya jiƙe. In ka kunna, ka saurari famfon kafin ka ba ta aiki." Na ce to, hankalina yana kan fitilunta masu canza launi.

A Karare za a ɗaura auren, mata kuma suna taro a Safana, gidan Baffa, babban yayansu mahaifina. Ana gobe biki Gwaggo ta tambaye ni, tana kallon wani waje, "Kana zuwa da abin hoton naka?" A wurin Bafulatana, a kan ɗan fari, wannan ya kai roƙo. Na yi mata alkawarin za ta ga ɗaurin auren kafin motar Zakka ta tashi bayan la'asar, don ba mai son magariba ta same shi a hanya. Kyamarar da na aro kuwa, waya ba ta iya buɗe abin da ta ɗauka, sai kwamfutar.

Ana shafa fatiha na koma Batsari, na kwantar da ita a but ɗin mota tsakanin buhun gero da kwanukan gara. Kwantar da ita na yi, da hannuna. Muka sha ramukan hanya cikin zafin bazara, muka isa Safana duk gaɓoɓina suna ciwo.

Baffa yana zaune a zaure. Gaisuwarsa kuwa sananniya ce: gida, iyali, gajiya, zafi, shanu, sannan ya dawo kan gida. Ya fara, "Ɗan nan, an zo lafiya? Ina ga..." Na ce, "Lafiya lau Baffa, ina zuwa!" Na wuce shi rungume da kwamfuta. Har yau in na tuna yadda hannunsa ya tsaya a iska sai in ji kamar in nutse.

A tsakar gida na dire ta, aka tada janareta, na jona ta da talabijin, na danna. Mata suka kewaye ni. Gwaggo ta ja kujerarta can gefe wai tana tsince shinkafa, amma inda za ta hango.

Sai ga ƙara: ƙululu, ƙululu, irin ta cikin da ya wuni bai ga abinci ba. Wata tsohuwa ta ce, "Ku ba yaron nan fura mana." Aka kwashe da dariya. Na san sarai famfo ne ya shaƙi iska, amma wa zai kashe a gaban taro? Na ce ai haka take yi, na ɗora mata bidiyo. Ga Buba cikin farar riga, ga liman ya gyara murya. Hannun Gwaggo ya tsaya cikin faranti. Liman ya buɗe baki, talabijin ya yi baƙi. Kwamfutar ta yi zafi ta kashe kanta.

Na sake kunnawa, ta sake mutuwa. Direban motar Zakka, wanda na cika wa kunne da zancen lagireto, ya taho da buta cike da ruwa, da zuciya ɗaya. "Malam, ta ina ake ƙara mata?" Da ƙyar na tare shi.

Sai a lokacin na yi abin da aka gaya mini tun a Kano. Na zare waya, na bar ta a tsaye cikin inuwa, na shafa tiyo (bushe yake, Allah ya rufa asiri), na zauna ina gadinta ina zufa, mata suka watse. Da ta huce na kunna, na ɗan karkata ta a hankali har ƙarar ta ɗauke. Kafin nan an yi la'asar, direba yana ta hon.

Gwaggo ce ta ƙarshen tashi. Ta gyara mayafi ta ce, "Kar ka damu, ni da ma ba kallo na zo yi ba." Wannan maganar ta fi dariyar matan yi mini ciwo. Sai bayan sati na kai mata bidiyon har Zakka a waya. Ta juya mini baya tana tuƙa tuwo, ta ce in ƙara murya.

Yanzu duk inda muka sauka, sai in tsayar da kwamfutar a inuwa, in je in durƙusa in gaida manya, har da tambayar shanu. Na lura gaisuwar Baffa, in an bar shi ya kai ƙarshenta, daidai take da hutun da kwamfutar ke buƙata.